Takardun Ƙarƙashin Sirdi

Anbariyya, Madina
9 ga Zulƙida

Zuwa ga ɗana Suhaib,

Bayan sallama, ina fatan kai da Hibatullahi da jikata Afnan kuna lafiya.

Shekara shida ina rubuto maka, wannan ce ta goma sha biyu, ko layi ɗaya ban gani ba. In na tambaye ka a jawwal, wato wayar hannu, ko takardata ta iso, sai ka ce mini da Larabci ta iso Abuya, tana tare da ni duk inda na je. To in tana tare da kai, me ya riƙe amsarta? Ni ban shiga madarasa ba, amma ajamin da ubana ya koya mini bai taɓa kasa kai saƙo ba sai a kanka.

Yayarka Safiyatu ta zo daga unguwar Ƙurban ta nuna mini hotunanku na bara. Wai tsohon layin jirgin ƙasa ne aka ɗebe ƙarafunsa aka zuba kwalta, ba mota, ba tudu, mutum ya hau keke da iyalinsa tun daga Jamus inda kake aiki ya faɗa wata ƙasa. Na gan ka, na ga matarka, na ga Afnan a wani ɗan amalanke ana janta kamar kwalin dabino. Sai ga surukinka Dakta Abdulazeez da hular kwano yana washe baki. Shi aka ɗauko tun daga Kano.

Na sa Safiyatu ta ƙara wa hoton girma. Sirdinsa ya yi ƙasa, gwiwarsa tana neman haɓarsa, ya damƙi kan keken kamar mai tatsar akuya. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana ƙirga ƙwayar magani, me ya sani a keke? Ni shekara arba'in da huɗu ina gyaransa a gefen tashar Anbariyya. Mu ma muna da tsohon layi. A bayan tashar nan da jirgi ya daina zuwa tun ba a haife ni ba, na bi ka da gudu riƙe da sirdinka har takalmina ya tsinke. Iyaka kuwa da kuke tsayawa hoto a gindin allonta, ni na ratsa Chadi da Sudan da ƙafa ina ɗan shekara bakwai, ba wanda ya ɗauke ni hoto.

An ce bana ma za ku koma, da shi. Na haɗa wa Afnan jan keke da hannuna, yana rataye a shago. Abu ɗaya nake son ji. Wa zai riƙe mata sirdi ranar da za ta fara? In shi ne, faɗa mini in sauke keken in ba 'ya'yan maƙwabta.

Ga ajwa nan. Takardar na naɗe ta a leda na ɗaure da zare kamar kullum, kada dabino ya ɓata ta.

Wassalam,
Ubanka, Sabiru mai keke

*

Daga wani ƙauye a Beljiyam
20 ga Muharram

Zuwa ga surukina, Alhaji Sabiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka tare da maƙwabtan Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Ka yi haƙuri da hannuna, rabona da ajami tun ina yaro.

Jiya da hantsi, mun ɗan wuce iyaka, tayata ta yi faci. Suhaib ya ce in buɗe 'yar jakar da ke ƙarƙashin sirdinsa in ɗauko kayan gyara. Na tarar da ƙunshi goma sha biyu, kowanne a leda da zare. Na tambaye shi, ya ce layun tsarin hanya ne da Abuya yake sako masa a cikin dabino. Na farkon ya buɗe, ya ga Bismillah a sama, ƙasa kuma haruffan Larabci da ba su ba shi ma'ana ba. Ya ɗauka irin rubutun malamai ne da ba a son a yi ta buɗewa, ya mayar ya ɗaure. Sauran ko kwancewa bai yi ba. Bai taɓa fita da Afnan a keke ba tare da su ba.

Zaren ɗaya ya saki, idona ya faɗa a kan sunana. Na karanta ban nemi izininka ba, ka yafe mini. Muka zauna a bencin wata tsohuwar tasha da aka mayar wurin shan shayi, na karanta masa su duka a jere, tun daga wadda ka rubuta bayan rasuwar mahaifiyarsa Mariama har zuwa ta mai tatsar akuya. A ta ƙarshen Hibatullahi ta yi dariya har da hawaye. Shi bai yi ba. Ya tashi ya tura kekensa da ƙafa, muka bi shi a baya har ƙauye na gaba.

Batun sirdi, gaskiyarka. Ban iya keke ba sai bara, ina da shekara sittin da uku, kuma ɗanka ne ya koya mini. Ya cire fedojin, ya riƙe ni ta baya yana gudu yana cewa, "Dubi hanya, taya ta san aikinta." Ban taɓa jin Hausa mai tsawon haka a bakinsa ba. Na tambaye shi inda ya samo ta, ya ce ta Abuya ce.

Rashin gayyatarka kuwa, ya ce kai ka gaya masa ka shigo Madina ke nan, ba ka fita sai zuwa maƙabartar Baƙi'a. Ya riƙe maganar.

Afnan ba ta hau ba tukuna. Ba zan ɓoye maka ba, na yi niyyar samo mata nata a ƙarshen tafiyar nan.

Ka sa mu a addu'a in ka shiga Harami.

Naka,
Abdulazeez

*

Anbariyya, Madina
6 ga Safar

Dakta,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso ta hannun wani mai umara. Rubutun kamar kaza ta bi ta kan tawada, amma na karanta.

Ba zan ce ban gode ba. Sai dai ka duba mini. Ɗana a damanka, jikata a hagunka. Maganar bakina ita ta koya maka keke. Yanzu takarduna ma da muryarka ya ji su. Ta Mariama, kwana uku na yi ina rubuta ta, ina ajiyewa ina ɗauka, ko Safiyatu ban bari ta gani ba, sai ga ta a bakinka a wurin shan shayin Nasara. Me aka rage mini?

Laya! Yaron da ya tashi a gidana, ya taɓa ganin na rataya wa wani laya? Da ya tambaye ni mece ce wannan, da an gama tun shekara shida. Ni ma dai da na tambaye shi me na ce a ciki. Wannan ba sai ka karanta masa ba.

Maganar Baƙi'a na faɗa, ina nan a kanta. Amma ɗan da ya san ubansa yakan tambaya sau biyu. Da an ce Abuya zo, da na ƙi, kalas, shi ke nan. Da na samu abin gaya wa masu zama a ƙofar shago, in ce an kira ni na ƙi. Yanzu sai su tambaye ni wane ne dattijon nan na cikin hoto.

Kada ka samo mata keke. Kuma Safiyatu ta ce Suhaib ya roƙe ka ka koya masa ajami. Ban yarda ba. Ga haruffan nan na jera masa a bayan takardar, kowanne da kalmarsa, da wasulansa. Ka miƙa masa ka kau da kai.

Maganar akuya ban janye ba. Ka ɗaga sirdin da yatsa uku, gwiwarka za ta huta.

A gaida mutanen Kano.

Sabiru

*

Jamus
Rabi'ul Awwal

Abuya, salam.

Na karanta duka da kaina. Kwana sha tara. Ammu Dakta bai taimaka ba.
Ka yafe ni.
Muna zuwa Rajab in sha Allah.
Afnan ba ta hau ba. Tana jiran kknta.

Ɗanka, Suhaib

*

Anbariyya, Madina
2 ga Rabi'us Sani

Suhaib,

Sallama. Ta iso. Layi huɗu a shekara shida, tayyib, na karɓa. Yafiya kuwa ba a aiko ta a takarda, sai ka zo.

Sai dai ka bar mini kalma ɗaya tsirara. Kaf, kaf, nun, ta, ba wasali ko ɗaya. Wannan ɗabi'ar Larabci ce, Hausa ba ta yarda da ita ba. In ɗigo ka sa a ƙasa, kekenta take jira. In wasali ka sa a bisa, kakanta take jira. In kuma kakanta ne, kakanni biyu gare ta, sai ka faɗi wanne.

Safiyatu ta ce in kira ka a jawwal minti ɗaya a gama. Na ƙi. Dakta ma kada ya sa baki.

Na sauke keken na sa wa sarƙarsa mai, na cire fedojin na ajiye. Na sayi takalmi mai igiya, wanda ba ya tsinkewa. Kullum bayan la'asar ina zagaya bayan tasha sau biyu, ƙafata ta tuna gudu.

Ga takardarka na mayar maka. Ba laya ba ce, buɗe ta. Ka sa wasalin da hannunka, ka amsa mini kafin Rajab.

Ubanka,
Sabiru mai keke