Dogara Mai Karatu a Juye

Kafanchan,
6 ga Satumba, 1971.

Zuwa ga Mamata,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Yaya ƙafar taki? Yaya gonar citta da ruwan bana? Regina ƙanwata, ke da za ki karanta mata, ki karanta duka. Ban yarda ki tsallake inda bai yi miki daɗi ba.

Mama, na bar dako a tashar jirgin ƙasa. Kada ki ɗora hannu a ka tukuna. Shekara bakwai ina ɗaukar buhunan mutane, ya isa haka. Na je kwalejin mishan da ke horar da malamai, can bayan gari, neman shiga. An ce da ɗalibai goma sha biyu ta fara, cikin majami'a mai rufin ciyawa, suna rubutu a ƙasa da tsinke. Yanzu ga ajujuwan bulo, ga ɗakin littattafai, ga firamare a gefe inda ɗalibai ke gwada koyarwa. Wanda ya gama firamare shekara biyar zai yi ya fito malami mai daraja ta biyu. Akwai kuma ƙaramin ajin share fage na shekara guda, don masu koyar da karatu a majami'un ƙauye. Shi nake hari.

Akawun ofis ya tambaye ni satifiket. Na ce ban taɓa zama a aji ba, amma ya ba ni duk takardar da ya ga dama in karanta masa. Ya dubi kafaɗata ya ce nan ba a sauke kaya. Kin san bakina. Na gaya masa shi ma ba da satifiket aka haife shi ba, kuma sanarwar da ya manna a ƙofa akwai kuskure biyu a ciki. Har ya ƙwala wa maigadi kira, sai Allah ya kawo wani tsohon malami, Malam Gregory, ya ce a bar ni in zo ganawa ranar Alhamis.

Idan sun ƙi ni ban san inda zan nufa ba, don an riga an ba wani gurbina a tasha. Ki sa ni a addu'a.

Ɗanki,
Dogara.

Kafanchan,
10 ga Satumba, 1971.

Mamata,

Ina fata kuna lafiya, ke da Regina da mutanen Fadan Kagoma duka. Ni lafiyata lau, amma ina jin na ɓata komai da bakina.

Su uku na tarar a bayan tebur: shugaban kwalejin, da Malam Gregory, da wata Malama Scholastica. Ina cikin ba da tarihina shugaban ya duƙa yana rubutu a takardar gabansa, da Turanci. Abin da ya rubuta shi ne ba ni da satifiket, ba ni da ladabi, kada a ɗauke ni. Ban san lokacin da na ce masa na farkon gaskiya ne, na biyun akawu ne ya fara, na ukun kuwa bai kamata a rubuta ba tun ba a ji karatuna ba. Shugaban ya rufe takardar da hannu, ya tambayi yadda aka yi na gani alhali ina tsaye ta wancan gefen.

Dole na faɗi abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, har ke. A gaban teburin akawun kaya na tasha na koyi karatu, har da ɗan Turancin da na iya. Yana kiran sunayen tashoshi, Zonkwa, Kagoro, Jos, ni ina tsaye da gammo ina bin yatsansa da ido. Ashe duk baƙaƙen kai ƙasa nake ganinsu. Sai da na sayi Sabon Alkawari na ga mutane a sujada sun riƙe nasu ba yadda na riƙe nawa ba. Kunya ta sa na koyi ɗaya hanyar a ɓoye, amma har yau na fi sauri a juye.

Na jira dariya, don na shirya musu amsa. Ba wanda ya yi. Malama Scholastica ta buɗe littafin wata 'yar aji ɗaya, ta ajiye yana kallonta, ta ce in karanta daga inda nake. Yarinyar ta rubuta daba maimakon baba, an zabga mata jan biro. Na ce ba wauta ba ce, ni ma baƙaƙen nan biyu, b da d, sun ba ni wuya. A gaya mata b mai ciki ce, d mai goyo ce, ba za ta ƙara mantawa ba. Malamar ta juya ga mazan ta ce malami rayuwarsa duka a gaban bencin yara yake tsayawa, a juye yake ganin rubutunsu, ita shekara uku ta yi kafin idonta ya saba. Na ɗauka ba'a ce, har na buɗe baki, Malam Gregory ya harare ni na haɗiye.

Sun ce in jira. Shugaban bai ko dube ni ba da zan fita.

Naki,
Dogara.

Kafanchan,
28 ga Satumba, 1971.

Mamata abin ƙaunata,

Gaisuwa da fatan alheri. Regina, karanta wannan da ƙarfi maƙwabta su ji.

Sun ɗauke ni! A Janairu zan fara ajin share fage, in na ci jarrabawa in wuce tare da masu karatun shekara biyar. Sharaɗin shugaban shi ne in ba akawu haƙuri a gaban mutane. Na ba shi. Buhun citta biyu a ka bai kai wannan nauyi ba, amma na ɗauka. Malam Gregory ya ce yaran da zan koyar za su fi akawu ba ni haushi, gara in fara koyon haƙuri tun yanzu. Ya kuma ce wata rana wurin nan jami'a zai zama, ko shi bai gani ba. Ban yi masa gardama ba, kin ga an fara samun ci gaba.

Saura abu guda, kuma a hannunki yake. Sai na cike fom kafin ƙarshen Oktoba, ga gurbin ranar haihuwa babu komai. Kullum kina cewa an haife ni shekarar da aka yi wa majami'armu rufin kwano, ana tsakiyar yankan acca. Na auna gurbin, Mama, wannan bayanin ba zai shiga ba. Ki tura Regina wurin fasto gobe, ya duba mana shekarar kwanon. Ranar kuwa ke za ki zaɓa, duk wadda kika ce ita zan rubuta.

Ubangiji ya kiyaye ki.

Ɗanki, malamin gobe,
Dogara Sambo.