Katin Hana Ruwa

Dakoro

Zuwa ga aminina Intalla,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina gajiya, ina mutan Maradi? Ga kwali nan na ba direba. Wasan nan ne da na dame ka da zancensa, na sa masa suna Rijiya Ɗaya. Ana zama a tebur, kowa ya ɗauki mutum guda ya yi magana da bakinsa: manomi, makiyayi, mai gari, mai rijiya. Mai ba da labari ya ja su, ƙwayar lido ta yanke abin da zai faru.

'Yan fadarmu ta shan shayi sun buga shi, sun yi dariya har shayi ya ƙone. Meri, wato ofishin magajin gari, ta shirya taron samarin manoma da makiyaya a Korahane kafin a sakar wa dabbobi gonaki, can zan kai shi. Ka ba ƙungiyar taku ta masu gwada wasanni su taɓa. Ba gyara nake nema ba, Buzu, yabo nake so.

Ka huta lafiya.
Naka, Harisu

Maradi

Zuwa ga Malam Harisu,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da matarka Rahinatu. Kwali ya iso, mun buga ranar Lahadi. Yabon da kake so akwai shi, labarin yana da daɗi. Amma ni hankalina bai kwanta ba.

Ka san yadda muke aiki. Mai wasa ba ya zama da mu, don kada ya ceci wasansa. Muna raba tebura, kuma ba mai ɗaukar matsayin gidansu: ɗan manomi ya zama makiyayi, ɗan makiyayi ya riƙe gona. Kowane tebur wuri ɗaya ya ƙare. In ƙwaya ta faɗi a kan ɗaya, mai rijiya yana jawo katin hana ruwa, makiyayi kuwa ba ka bar masa hanya ba sai ya ratsa gona. Daga nan ba sauran dariya. Hamsatu ta ƙungiyarmu, wadda ba ta san fushi ba, ta ajiye katinta ta fita.

'Yan fadarku ba za su ga wannan ba. Duk 'ya'yan manoma ne, wanda ya ɗauki makiyayi kwaikwayon maganarmu yake yi don a yi dariya, kai kuma in abu ya yi zafi sai ka juya labarin. A wurinmu ba a hana garke mai wucewa ruwa, ko na maƙiyi ne. Wanda ya yi haka, jikokinsa ma ana nuna su.

Sai taswirar. Rijiya tsakanin gawo biyu, burtali ya lanƙwasa ta bayanta: rijiyar gidanku ce ka zana. Kana ƙarami a shekarar farin nan da mahaifinka, Allah ya jiƙansa, ya ɗauke guga ya hana wani makiyayi ɗan wajen Azagor ruwa. Shanun suka mutu a hanya, mai su bai daɗe ba ya bi su. Ɗansa Abarci yana nan da ransa.

Don Allah kada ka kai wasan nan Korahane. Ka ba mu lokaci mu gyara dokar tare.

Allah ya kiyaye.
Intalla

Dakoro

Intalla,

Ina gaisuwa. Wasiƙarka ta ɓata mini rai, ba zan ɓoye maka ba. Wasa na aiko, ka maido mini da kabarin ubana. Rijiyar da na sani ita na zana, dokar kuma haka na taso na ga masu rijiya suna da iko. To, na goge gawo ɗaya daga taswirar, sai ku kwantar da hankali.

Abu guda na ɗauka a wurinku, musanyar matsayi, wannan dabara ce mai kyau. Katin kuwa yana nan, shi ne gishirin wasan. Kuma don ka sani, Abarcin naka na gamu da shi a kasuwar Kornaka. Shi ya fara miƙo mini hannu. Ya ce ya ji labarin wasan, zai zo da ƙannensa. Har ya tambaye ni ko ni ne ɗan mai rijiyar nan, na ce ni ne, ya ce madalla. Mutumin da ke riƙe da abu a zuci haka yake yi?

Sai na dawo da labari mai daɗi.
Harisu

Dakoro

Zuwa ga yaya Intalla,

Ina yini, ina iyali? Ni ce Rahinatu. Na rubuto ba da sanin maigidan ba, kiran wayarka ya ƙi shiga.

Na bi shi Korahane. Da aka yi musanya, Abarci ya samu mai rijiya, maigidan ya ɗauki makiyayi. Ana tafiya lafiya har ƙwaya ta faɗi a kan ɗaya. Abarci ya jawo katin, ya ba ƙanensa ya karanta masa da ƙarfi. Abarci ya tambaya wa ya rubuta, maigidan ya ce shi ne.

"Ashe ba mantawa kuka yi ba," in ji Abarci. "Doka kuka maishe shi."

Bai ɗaga murya ba. Ya sa katin a aljihu, suka tashi su duka, shayinsu ko taɓawa ba su yi ba.

Ran Alhamis za a saki gonaki. Jiya Abarci ya aiko cewa garkensa zai biyo ta rijiyar gidansu maigidan. Ya ce Malam Harisu ya zo ya tsaya a bakinta, kuma ya taho da ƙwayar lidonsa.

Maigidan ya ce zai je, shi kaɗai. Ina jin tsoro, yaya. Ka shigo motar farko.

Ƙanwarka,
Rahinatu