Asusun Baba a Sabar Imel

Litinin, 3 ga Maris
Rumbun rariya ya sake kumbura. Rariya muke kiran manhajar da ke tace saƙonnin banza a sabar imel ɗinmu, wato babbar kwamfutar da saƙonnin ofis ke bi, duk abin da ta koya a rumbun nan take tarawa. Ya kumbura, ya saɓe, ya sake kumbura. Abin bai kwanta min ba. Manaja ya ce ranar da imel ya tsaya in tattara jakata. Ni da ko tabbatar da ni ba a yi ba.

Laraba, 5 ga Maris
Na kama shi! Baba, wanda na gaji kujerarsa bayan an yi masa ritayar dole, asusunsa na shiga sabar daga waje duk Juma'a. Kuma rumbun yake taɓawa. Dama tun ranar da ya miƙa min makulli ban yarda da murmushin nan ba. "Allah ya ba da sa'a, 'yata." Uhm. So yake in kasa, a neme shi.

Alhamis, 6 ga Maris
Na rufe asusun, ban gaya wa kowa ba. Har shayi na haɗa wa kaina.

Litinin, 17 ga Maris
Yanzu ko saɓewar ma babu, hawa kawai. Faifan ajiyar sabar ya kusa cika. Ko Baba ya bar wata ƙofar shiga? Akantan ofishinmu abokinsa ne, kuma yau sai leƙo ofishina yake ba dalili.

Laraba, 19 ga Maris
Imel ya tsaya da hantsi. Na goge tsofaffin fayiloli, ya tashi da ƙyar. Manaja ko zama bai yi ba, ya ce ya ba ni zuwa Juma'a.

Alhamis, 20 ga Maris
Na kira Baba don in tsare shi. Jikoki na ta hayaniya a bayansa. Ya ce, "Rariyar nan ba ta iya zubar da tsohon tarkace da kanta, 'yata. Da hannu nake share mata duk Juma'a. Na ga ba ki tambaya ba, ni kuma na ji nauyin koya miki aikinki." Wai da ya tarar an rufe asusun, ya ɗauka Manaja ne ya rufe. Ban gyara masa ba. Kunya kamar in nutse.

Juma'a, 21 ga Maris
Na share yadda ya kwatanta, rumbun ya sauka. Manaja ya wuce abinsa.

Asusun kuwa na buɗe. Don in riƙa sa masa ido ne kawai. Na tura masa sabuwar kalmar sirri, na ce ya gaida jikoki.