Dutsen Teku da Idon Inna

Zuwa ga Yayana Alhassan, mai aiki a jirgin ruwa, Ikko.

Da farko ina miƙa gaisuwa da ban girma ga Hakimi, ransa ya daɗe, wanda nake aikin masinja a ofishinsa na Ikara. Ina gaida Dagacinmu na Saulawa, da Malaminmu na ajin yaƙi da jahilci, wanda ya ɗora alƙalami a hannuna. Na nemi izininsu a karanta takardar nan a zauren Dagaci kafin ta shiga gidan waya, kuma sun yarda. Bayan haka, Yaya, ina gaishe ka gaisuwar ƙane ga wansa, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya.

Ni ne Tanimu. Ka dubi rubutun da kyau, nawa ne. Ban sa mai rubuta wasiƙa na kasuwa ya rubuta mini ba, domin shi yana tausasa magana, ni kuwa ba tausasawa nake nema ba. A ajinmu mu goma sha ɗaya, ni na fara karɓar takardar shaida. Saboda haka abin da za ka karanta, haka na nufa.

Za ka tuna zuwanka gida a damina ta biyu bayan samun mulkin kai. Ka sauka da akwatin gilashi a naɗe cikin bargo, da garwa huɗu na ruwan teku. Cikin wata garwa akwai kifaye biyu, kowanne bai wuce yatsa ba, da dutse guda kamar curin mazarƙwaila, mai ƙananan furanni a jikinsa. Ka ce wani babba a jirginku ya ba ka, daga wani tsibiri. Ka ce dutsen yana da rai. Ka ce in riƙe maka shi zuwa rani, za ka dawo ka kai wa wani babban mutum a Kaduna.

Mutanen Saulawa sun cika tsakar gidanmu ran nan. Inna tana bakin murhu tana kallonka ta wutsiyar ido. Ka san ba ta kama sunanka, kai ne ɗan fari, sai dai ta ce "mutumin ruwa". Da ta ga ka zura safar hannu ta roba har gwiwar hannu, ka kuma ɗora tabarau kafin ka ɗauki dutsen, sai ta ce, "Mutumin ruwa ya zama wanzamin Turawa, wa za a yi wa ƙaho?" Kowa ya yi dariya. Kai ma ka yi. Ka ce ruwan gishiri ne yake busar da fata. Da ka gama ka ninke safar, ka mayar da ita cikin akwatinka tare da tabarau. Ina tsaye, na gani. Na ɗauka gayu ne irin na mutanen Ikko.

Dokoki uku ka ba ni, na kuwa rubuta su a bangon littafina. Na ɗaya, in ruwa ya ragu daga zanen da ka yi da alli, in ƙara ruwan sama kawai, kada in ƙara gishiri. Na biyu, in riƙa hura iska da famfon keke ta cikin tiyo, safe da azahar da yamma. Na uku, kada sabulu ko kananzir su kusanci ruwan. Da na tambaye ka abin da dutsen yake ci, ka ce, "Haske ne abincinsa. Zan rubuto maka irin fitilar da za ka nema, kai da ka zama malami." Na ji daɗin wannan kalma, Yaya. Har yau ina jin kunyar daɗin da na ji.

Ban saɓa ko ɗaya ba. Kowace azahar nakan tuƙo keke daga Ikara in hura iska, in koma ofis. Abokan aiki suka sa mini suna Sarkin Ruwa. Ban kula su ba, domin amanar wana ce.

Batun haske ne ya ba ni wuya. A cikin soro duhu ya yi yawa ko da rana, furannin suka tsuke kamar an daure musu baki. Na gwada aci-balbal, hayaƙinta ya baƙanta gilashin. Na samo fitilar ƙwai a kasuwar Makarfi, amma haskenta ja ne, furannin ba su kula ta ba, ga shi ina tsoron ɗigon kananzir. Na aro fitila mai famfo ta ofis da izini. Ita tana da haske fari tas, sai dai ta ɗuma ruwan har kifayen suka taso sama suna buɗe baki. Na kashe ta tun kafin a yi ɓarna.

A nan na rubuta maka wasiƙa ta farko. Shiru.

Sai na yi shawara da kaina, tunda babu wanda zan tambaya daga Saulawa har Kudan. Na ce ai babu fitilar da ta kai wadda Allah ya kunna. Na fito da akwatin ƙarƙashin rumfar Inna, inda hantsi yake sauka, in rana ta take a rufa masa zana. Kwana uku furannin suka buɗe gaba ɗaya, kore da ruwan ƙasa, suna motsi a hankali kamar gonar gero cikin iska. Inna takan jawo kujerarta kusa tana kaɗi tana kallo. Takan ce, "Ashe abin da yake gani ke nan kullum, shi ya sa ba ya marmarin gida." Ta ƙaunaci dutsen nan, Yaya, don naka ne.

Ashe hasken ya yi yawa. Gansakuka ta fara bin gilashin, ta hau dutsen, ta soma rufe furannin. Na rubuta maka ta biyu, na rubuta ta uku. A ta ukun na tambaye ka a fili: in cire dutsen in wanke, ko in bar shi? Na ja layi ƙarƙashin tambayar da rula, kamar yadda Malam ya koya mana a yi wa magana mai nauyi. Shiru.

Yanzu ka saurari abin da ya faru, ba ƙari ba ragi.

Wata Talata da hantsi, ina ofis. Inna ta dubi dutsen ta ce ba za a bar kayan mutumin ruwa cikin ƙazanta ba. Ka san yadda take yi wa randa in ta yi kore: ruwan zafi da soso. Haka ta yi. Ta sa hannu ta ɗauko dutsen, ta aza cikin kasko, ta kwarara masa tafasasshen ruwa, ta sunkuya cikin tururin tana gogewa. Ruwan ya fantsama mata a idon hagu. Mai ɗakina Hansatu tana gefe tana riƙe da butar.

Kafin azahar ƙirjin Inna ya riƙe, numfashi sai da ƙyar. Idon ya kumbura ya yi ja wur. Hansatu tana tari tana cewa bakinta ɗaci kamar ta tsotsi ƙarfe. Kaji biyu da suka sha ruwan da aka zubar suka mutu a bakin magudana. Da na iso da famfona a hannu, na tarar da Inna kwance a tabarma. Abin da ta fara ce mini shi ne, "Mai da masa dutsensa cikin ruwa, kada ya bushe."

Mai unguwa ya ba da jakinsa muka kai ta ɗakin shan magani a Ikara. Daga nan aka sa mu a mota zuwa asibiti a Zariya. Kwana shida muka yi. Ƙirjin ya saki, alhamdu lillahi, Hansatu ma ta warke. Idon hagu kuwa ya tafi, ya yi fari. Na dama, ka sani, tun bara yana da yana, kuma likita ya ce yanar tana ƙaruwa. Yanzu tana gane mutum in ya matso kusa, da rana. Ban san ko za ta kai wata damina tana ganewa ba.

Duk wannan na ɗauke shi ƙaddara. Na ma ɗora wa kaina laifin fito da akwatin cikin rana. Na ce Yaya bai sani ba.

Kwana uku da dawowarmu sai ga wasiƙarka, ita kaɗai. Ni da kaina na ɗauko ta cikin jakar ofis, na buɗe a gindin durumi. Ka tambayi lafiyar kifaye. Ka tambayi launin furanni. Sai can ƙasa, bayan ka riga ka sa hannu, ka ƙara da cewa kada kowa ya taɓa dutsen ba safa, kada kuma a sa masa ruwan zafi, domin yana da dafi. Ka ce ba ka faɗa ba tun farko don kada Inna ta ce a fitar da shi daga gida.

Na karanta wurin nan sau bakwai, ina bin kowane baƙi da yatsa, ko Allah ya sa ni ne ban iya ba. Na iya. Ran nan kaɗai na yi da-na-sanin shiga aji. Da wani ne ya karanta mini, da ya tsallake.

Ka sani, Yaya. Ka kare hannunka, ka kare idonka, ka ninke abin kariyar ka tafi da shi. Ka ba ni dokoki uku don lafiyar kifi, ba ka ba ni ko ɗaya don lafiyar mutanen gida ba. Kai ne ka goya ni ka ƙetare rafi da ni shekarar ambaliya. Kai ne kake ɗanɗana ɗinya kafin ka miƙo mini. Ina mutumin nan ya shiga?

Kifayen sun mutu. Dutsen na ɗauke shi da awartaki, na binne shi a bayan gari, rami mai zurfi, nesa da rijiya. Akwatin gilashin yana nan, ba ya riƙe komai sai ƙura. Ba na neman ka ba ni haƙuri, kuma kada ka aiko da tsaraba. Abu guda nake nema: ka nemi hutu ka zo, ka zauna gaban Inna da hantsi, kusa sosai, tun idon dama yana aiki.

Allah ya yafe maka, ya yafe mini. Allah ya tsare ka a kan ruwa, ya kawo ka gida cikin lokaci. Allah ya bar wa Inna sauran haskenta. Amin.

Waɗanda suka ga abin da idonsu, kuma suka dangwala yatsa a ƙasan takardar nan, su ne: Mai unguwa Ɗanjuma, wanda ya ba da jakinsa, Barau wanzami, wanda ya fara duba idon, Hansatu mai ɗakina, da Sale direba, mutumin Likoro, wanda ya kai mu Zariya.

Shaida ta biyar Inna ce. Na karanta mata duka, har da abin da ka rubuta a ƙasan wasiƙarka. Na kawo tawada, ta janye hannunta cikin zane, ta ce ita ba ta yin shaida a kan ɗanta. Don haka wurinta yana nan fari, za ka gan shi. Amma da na miƙe zan fita, sai ta kira ni. Shekarata talatin da biyu ban taɓa jin kalmar nan a bakinta ba. Ta ce, "Tanimu, rubuta masa, ka ce Alhassan ya zo."

Na rubuta.

Ni ne ƙanenka,
Tanimu Masinja, Saulawa.