Bokitin Wankan Yaya Gide

Yaya Gide,

Na wuce kasuwar Ƙetare, sai la'asar. Ka karanta wannan kafin ka shiga makewayi.

Bokitin wankan nan mai famfo da ka zo da shi daga Funtuwa ka rataye, ɗiga yake yi. Tulu biyu na zuba da safe, kafin hantsi babu komi ciki, gindin katanga ya jiƙe sharkaf. Na sauke shi na kai wa Malam Rabo maƙeri. Da ya juya shi ya ga gwangwanin da ke ƙasan famfon duk huda ne, har ashirin da bakwai, ya ce lalle an cuce ka. Ya toshe su kaf da dalma. Ni na riƙe masa ma.

Na dawo na cika, sai ga shi yana ɗiga kamar da! Abin ya ɗaure mani kai, na kwance famfon. Ashe wata 'yar fata ce a ciki ta cinye. Na yanko daga tsohon takalminka na sa, ɗigar ta tsaya cak.

Sai da na tuɓe na murɗa famfon, shiru, sannan na gane amfanin hudojin nan. Ka yi haƙuri.

Kada ka huda sai na dawo, ina son in gani. Da wace irin ƙusa ake yi? Kuma mi ya sa sai ashirin da bakwai?

Inna ta ce in ruwan sama kake so, ka jira damina. Ta aje maka ƙwarya.

Ƙanenka,
Harisu