Hantar Baba

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ya sanyin Ingila, ya karatu da iyali?

Baba ba lafiya. Yana dawowa daga Maraɗi, wani ɗan kwastan a bakin iyaka ya ce masa, "Alhaji, idonka ya yi rawaya." Mun ɗauka ciwon shawara ne, muka yi ta jiƙo, sai ciki ya kumbura. Likita a Katsina ya ce hantar ta lalace. Wai a can wurinku ana gwada dasa wa mutum hantar wani. Gaskiya ne? Suna rayuwa kuwa? Don Allah ka bincika, tsoro nake ji.

Ka sa shi a addu'a, ka gaida matarka. Jiya Baba ya tambaye ni yaushe za ka dawo.

Ƙanwarka,
Hajara