Batirin Abu Talal da Muryar Inna

Misfala, Makka,
9 ga Jimada Ula.

Zuwa ga ƙanena Mukhtaru,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Adama da yara. Yaya ciwon gwiwar da ka ce ya dawo? Allah ya ba ka sauƙi, amma in har yanzu kana hawa wannan tsohon babur ɗin naka, to ka kuka da kanka. Mu nan lafiya muke, alhamdu lillahi. Ɗana Talal yana wajen aikinsa, 'yata Nuha kuma ta sauka lafiya a gidanta na unguwar Shisha, an samu mace.

Sau biyu ka kira ni a watan nan, kuma na san ka lura ina ta kewaye-kewaye. Ka ce in ba Alhaji Sabitu akwatin kaset ɗin Inna idan ya zo Umra, don autarka Ikhlas, da aka haifa bayan rasuwarta, ta ji muryar kakarta. Bakina ya kasa faɗa maka a waya, shi ya sa na ɗauki biro. Mukhtaru, kaset ɗin sun lalace, kuma ni ce sila.

Ka san gidanmu a kwari yake, duk ruwan da ya gangaro daga duwatsu Misfala yake nufa. Ka tuna ramin da marigayi mijina Abu Talal ya sa aka haƙa a kusurwar badrum, ɗakin ƙasan nan da ka zauna a ciki shekara shida, da injin da ke zuƙe ruwa ya fitar waje. Bayan ka koma gida ya ƙara wani ƙaramin inji mai aiki da batir, saboda ranar da za a ɗauke wuta ana tsakar ruwa. Ya ɗora batirin a kan katako can sama, ya haɗa shi da caja mai koriyar fitila. Duk Juma'a, da ya dawo daga masallaci, sai ya sauka. Ya goge kawunan batirin da tsohon buroshi, ya shafa musu giris, ya buɗe murafen nan shida ya leƙa, wanda ruwansa ya yi ƙasa ya ƙara masa, sannan ya ɗaga ƙwallon da ke cikin ramin, wanda ruwa ke turawa sama in ya taru, har ya ji injin ya tashi. Ni kuwa ba na rasa tsiyar da zan yi masa. Ina ce masa garin da ake shekara ba a ga hadari ba, ga miyar shuwaka na hucewa, shi yana can yana jinyar batir. Sai ya yi dariya ya ce ai don rana ɗaya ake yi.

Da Allah ya karɓi abinsa shekara biyu da suka wuce, ni na ci gaba da sauka. Ba wanda ya sa ni. Talal ma ya ce in bar masa, na hana, don in na riƙe buroshin nan ji nake kamar na je gaishe da babansa. Komai na yi yadda na ga yana yi. Sai ruwan da ke cikin galan ɗinsa ya ƙare. Galan ɗin irin na zamzam ne, fari, da rubutunsa a jiki, ni kuma ban taɓa tambayarsa me ke ciki ba. Na ce a raina mutumin nan har batir zamzam yake ba shi, Allah ya jiƙansa. Na cika galan da zamzam, ina zubawa da bisimilla. Da fitilar ta koma ja a watannin baya, ban gaya wa kowa ba, ƙara masa na yi.

Ranar sunan jaririyar Nuha muna Shisha, bayan Azahar gari ya rufe, aka sako ruwa irin wanda na daɗe ban gani ba. Maƙwabciyata ta kira ta ce an ɗauke wuta a layinmu. Matan Misfala da ke wajen sunan duk hankalinsu ya tashi, ni kaɗai nake zaune ina kurɓar shayi, har da bugun ƙirji ina ce musu Abu Talal ya gama mana da wannan tun yana raye. Hanya ta toshe, sai washegari da hantsi muka iso gida. Ruwa ya kai ƙugu a badrum, baƙi, mai wari. Akwatinka yana ƙarƙashin matakala inda ka ajiye shi ranar tafiyarka gida, da kaya suka yi maka nauyi, ka ce, "Yaya, ga amana."

Talal ya kira Malam Abdulwasi'u, dattijon nan ɗan Damagaram mai gyaran wuta. Injin lafiyarsa ƙalau, batirin ne ya mutu tuntuni. Ya leƙa ciki, ya tambaye ni wane ruwa nake zubawa. Da na faɗa masa sai ya ce, "Ya Hajiya, zamzam na ɗan Adam ne, akwai sinadarai a cikinsa da jiki yake so. Batariya kuwa ba ta son komai sai ruwan batir, tatacce, wanda babu komai a ciki. Ma'alesh, sai haƙuri, ƙaddara ce." Ashe a wajensa Abu Talal yake saye, ya juye a tsohon galan ɗin don murfinsa yana rufuwa da kyau.

Ban tsaya nan ba, sai da na ƙara wata wautar. Na wanke kaset ɗin na shanya su a kan rufi, a zafin ranar Makka. Kafin La'asar sun lanƙwashe. Duk muryar da Inna ta riƙa aiko mana ta hannun alhazai, kaset talatin da huɗu, da faɗan da take yi maka kan rashin aure, da addu'o'inta, da labarin awakinta. Shekaru ina ƙin kunna su don kada in yi kuka, ina cewa wata rana. Yanzu kukan nake yi, kuma babu abin kunnawa. Raina ya ɓaci da kaina, ɓacin da ban san inda zan kai shi ba.

Talal ne ya hau rufin. Ya kwashe su ya kai wa wani tsoho a Utaibiyya da har yanzu yake gyaran rikoda. Kwana tara suna wajensa. Abin da ya iya cirowa ɗan guntu ne daga farkon kaset ɗaya, bai kai a sha ruwa a ajiye kofi ba. Ka tuna yadda take farawa kullum, in maƙwabcinmu ya danna mata rikoda? Ta yi gyaran murya, ta ce, "Ya fara ɗauka? In yi magana?" Sai ta yi 'yar dariyar nan tata. Daga nan sai shuuu.

An sa sabon batir. An saya mini ruwansa a kwalbarsa, kuma Juma'ar da ta wuce na sauka na ɗaga ƙwallon, injin ya tashi nan take. Na tsaya ina jinsa a ɗakin da babu sauran abin da zai tsare.

Ka yafe mini, Mukhtaru. Amanarka ce, kuma uwarmu ce mu biyu. Ka gaida Adama, da Kawu Abdulilah, da duk mutanen gida. Talal da Nuha suna gaishe ka, jaririyar kuma sunan Inna aka sa mata. Alhaji Sabitu zai kawo maka takardar nan, Talal kuma zai tura maka guntun muryar a waya idan ka karanta. Ka zaunar da Ikhlas ku ji tare. In Inna ta tambaya ko ta yi magana, ka ce mata e a madadina, ni duk lokacin da na kunna kasa amsawa nake yi.

Wassalam.

Yayarka,
Saudat